Garkar da Kunyata Ta Busar

Ana sallame sallar asuba muka bar Dogon Dutsi, mu uku da jaririya ta huɗu, a tsohuwar motar surukina wadda sai an lallashe ta take tashi. Shi ke tuƙi. Abokiyar aikinmu tana gaba da goyonta a cinya. Ni kuwa ina baya, a daidai kusurwar da madubi ba zai haɗa idona da nasa ba, na rungume jakar ordinater, wato kwamfuta, kamar wani zai ƙwace. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, a nan ma ba zan rubuta shi ba. Baba nake ce masa.

Masu bibiyata sun san abin da muke yi, amma bari in maimaita saboda sababbi. Akwai wata manhaja da ke sarrafa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana. Ba ta kamfani ba ce, kowa na iya buɗe ta ya karanta, ya kawo gyara, kyauta. Masu rubuta ta suna warwatse a ƙasashe da yawa, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Tana zaune ne cikin wani ɗan akwati da ake kafawa kusa da rijiyar burtsatse, ita ke tayar da famfo, ta cika shato, wato tankin ruwa na sama, ta buɗe wannan bututu ta rufe wancan bisa lokacin da mutanen gari suka shirya. A nan Arewa, ƙasar Arawa, mu uku ne ke kula da ita: Baba, wanda ya yi ritaya daga koyar da lantarki kuma shi ya kawo ta yankin, da abokiyar aikinmu, da ni da aiki ya kawo daga Maraɗi har na yi aure na zauna.

Dokar aikin ɗaya ce mai sauƙi. Duk wanda ya rubuta gyara, ba ya shiga sai wani ya karanta shi layi-layi, ya faɗi abin da ya gani a fili inda kowa ke karantawa, sannan ya danna amincewa. Daga nan masu haɗawa su haɗa, sabuwar manhaja ta bi layin waya ta sauka cikin akwatunan ƙauyuka.

Shekara da shekaru abokiyar aikinmu ce ke duba rubutun Baba, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin dalilin da ya sa abin ke tafiya daidai ba. Bafulatana ce, shi Ba'are, mutumin Arewa, akwai wasan ƙabila tsakaninsu. Sai ta rubuta masa a gaban duniya cewa wannan layin ko akuyarta ba za ta rubuta shi ba, shi kuma ya amsa da cewa baiwa ba ta gyara wa ubangijinta, sannan ya je ya gyara. To sai ta haihu, ta tafi wankan jego gidan iyayenta. A cikin wannan tsakanin Baba ya kawo gyara, dubawa ta faɗo kaina.

Gyaran mai kyau ne, niyyarsa ma mai kyau. Zafin bazara yana ƙona akwatuna, sai ya sa idan akwati ya ɗau zafi ya kashe kansa, ya huce, ya tashi. Abin da ya manta shi ne ya sa akwatin ya sake duba agogo bayan ya tashi. Yadda ya rubuta, duk sanda ya farfaɗo sai ya ɗauka yanzu gari ya waye, ya soma aikin yini daga farko. Na gani. Ba wai ban gani ba. Har na rubuta bayanin, na tura, sai na kalli sunana a ƙarƙashin nasa ina ce masa ya yi kuskure, mutanen ƙasashe suna karantawa. Na goge nan take, na danna amincewa, na ce wa raina zan kawo ɗan gyara daga baya a hankali, ba tare da an lura ba. Sai na ga shi ma gyaran zai nuna layin wa aka gyara. Na ce gobe. Goben ba ta zo ba har manhajar ta sauka ƙauyuka.

Abin da ya tashe mu da asubar nan waya ce daga wani ƙauye bayan Dumega, wanda ba zan faɗi sunansa ba. A can rijiya ɗaya ce ta masu garka da makiyaya. Sun shirya tsakaninsu: safe ruwa na garake ne, daga azahar kuma na kwamin shanu, wata doguwar mashayar siminti a bayan gari. Sai ga shi kwamin ya daina samun ruwa, garake kuwa suna ta sha. An ce mai gadin famfon, wani dattijo Arzika, shi ke murɗa abin a ɓoye domin shi ma yana da garka. An karɓe masa mabuɗi. An ce har sanduna sun tashi sama kafin manya su shiga tsakani. Da na ji labarin na san ko wane layi ne. Baba ya ce mu je mu gani da idonmu, na ce to. Abokiyar aikinmu ma, da ta dawo daga jego, ta ce da ita za a je.

Hanyar fita Dutsi da sassafe tana da daɗi, in mutum na da kwanciyar hankalin kallo. Jajayen duwatsun nan suna bayanmu rana na taɓa kawunansu, masu garka sun riga sun fito, amalanken jaki ɗauke da jarkoki suna jere a gefen kwalta. A shingen bincike aka leƙo, aka ga Baba, sai gaisuwa ta koma ta malami da ɗalibi. Duk tafiyar haka muka yi ta, kusan kowane gari akwai wanda ya taɓa zama ajinsa. Kowace gaisuwa sai ta ƙara mini nauyin abin da ke bakina.

A Kore Mai Ruwa muka tsaya karin kumallo. Masarsu babba ce, mai laushi, ana zuba mata yaji da ɗan man gyaɗa, kuma ba tsada. Baba da abokiyar aikinmu suka zauna a bencin mai shayi. Ni na karɓi tawa a takarda na zagaya bayan rumfa, na ci a tsaye tsakanin buhunan gawayi da wata akuya da ta kafe ni da ido har sai da na raba da ita. Ina jiyo abokiyar aikinmu tana ce wa mai shayi ya ƙara wa bawanta sukari, tsufa ya sa ba ya jin ɗanɗano. Na yi mata hassada a lokacin, wallahi. Ita duk abin da ke ranta fitowa yake yi, kuma a yi dariya.

Daga nan muka sauka kwalta muka kama jar hanya zuwa Tibiri. Hanyar ta yi kunya-kunya, motar na kakkarwa har haƙora na haɗuwa, amma jaririyar sai ta yi barcinta, wai haka take so. Gonaki duk a share, sai kututturan hatsi da itatuwan gawo, tumaki na kwance a inuwarsu. Inda hanya ta kusanci fadama kuwa sai ka ga kore ya ɓullo, mangwaro da rake da zogale, ka rantse ba ƙasa ɗaya ba ce. A nan na shirya maganata. Na ce idan muka wuce wancan gawon zan ce, Baba, akwai abin da nake son faɗa. Muka wuce shi. Na zaɓi wani gawon. Har muka shiga Tibiri ina ta zaɓen itatuwa.

Tibiri ta cika da mangwaro, ya yi arha har masu talla na bin mota suna roƙo a ɗauka. Fetur na kwalba kuwa ya yi tsada ba kamar da ba, mai sayarwa ya rantse mana ba laifinsa ba ne, daga ƙetaren iyaka abin ya taso. A nan kusa da iyaka kuɗi iri biyu ke yawo, ka saya da sefa a ba ka canji da naira, ka tsaya kana lissafi yara na maka dariya. Baba ya sayi goro da dabino na gaisuwar mai gari. Muka wuce Dumega hantsi ya ɗaga, muka bar jar hanya muka shiga rairayi, sau biyu ina fita ina tura mota. Wannan kam na yi shi da zuciya ɗaya, ko ba komai aiki ne da ba ya buƙatar magana.

Shaton muka fara hangowa, sannan pano, faifan hasken rana, sannan ɗan ɗakin kwano da akwatin ke ciki. Ganin kwanon nan kaɗai ya ishe ni bayani, domin ɗaki irin wannan da tsakar rana tanda ne. A bayan gari ga kwamin shanu a bushe, har ƙasa ta taru a cikinsa. Can nesa makiyaya sun koma tsohuwar rijiya mai zurfi, bijimi na jan igiya, guga na fitowa da ɗan ruwa, garke guda na jira suna kuka. Matansu ma suna wurin da ƙore. Abokiyar aikinmu ta daina wasa tun daga nan.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari. Masu garka a gefe ɗaya, makiyaya da arɗonsu a ɗaya gefen, sanduna a kwance kan cinya. An yi gaisuwa cikakkiya, lafiya lau, lafiya lau, amma a bushe. Abokiyar aikinmu ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Ka lura? Arawa da Hillani sun zamna wuri guda, ba wanda yac ce ma wani bawa. Abin ga ya ɓaci." Da gaske ne. Inda aka saba ana haɗuwa da zolaya, ranar ko murmushi babu.

Aka nuna mana Arzika. Yana zaune shi kaɗai a ƙarshen tabarma, ba ya cikin waɗannan ba ya cikin waɗancan, siririn dattijo mai furfura a gemu, ya ɗora hularsa a gwiwa. Wani daga cikin masu garka ya ce su ba su ce ya yi ba, amma shi kaɗai ke da mabuɗi. Arɗo ya ce su ma ba su ga hannunsa ba, amma sun ga garake na sheƙi shanunsu na rama. Da aka ce Arzika ya yi magana, abin da ya ce kaɗan ne: "Ni dai ban taɓa komi ba. An amshe mabuɗi, ruwan bai komo ba, sai anka ce na riga na lalata shi tun da wuri. To mi zan ce?"

Ina zaune a bayan Baba, amsar tana bakina. Da na buɗe baki a lokacin da an gama. Sai na duƙar da kai ina wasa da zip ɗin jaka.

Baba ya ce kada a yanke komai, a je a zauna gaban akwatin har azahar, kowa ya gani. Haka aka yi. Aka buɗe ɗakin kwano, zafi ya bugo mu kamar an buɗe murhu. Mutane suka taru a inuwar shato, aka kawo mana fura mai sanyi a ƙwarya, wadda ni ban sha ba saboda dalilin da kuka sani, ga ƙishirwa kamar in mutu. Abokiyar aikinmu ta goya jaririya, ta jona ordinater da akwatin. Rana ta take tsaka. Gab da lokacin da ya kamata ruwa ya juya zuwa kwami, sai fitilar akwatin ta mutu, famfo ya yi shiru. Aka jima. Fitila ta dawo, muka ji ƙarar bututu ya buɗe, yara suka sheƙo daga wajen garake suna cewa ruwa ya zo. Kwamin shanu ko ɗigo. Arzika yana can nesa a zaune, hannuwansa a kan gwiwa, kowa na ganinsa.

Abokiyar aikinmu ta bi rubutun manhajar da yatsa, ba ta daɗe ba ta kai kan layin. Ta ɗago ta dubi Baba. "Ba'are! Ashe kai na ka hana shanun iyayena ruwa. Akwatinka in ya suma ya hwalka sai shi ce ina kwana, ko da azahar ta." Baba ya sa tabarau ya duƙa ya karanta, ya daɗe, sannan ya ce, "Hakanan na. Ni na rubuta shi." Ita kuwa ta ci gaba da gangarawa ƙasa, inda ake ganin wanda ya duba ya amince. Na ga sanda idonta ya kai kan sunana. Ta waiwayo ta dube ni, ta mayar da ido kan ordinater. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Baba ya miƙe ya yi wa jama'a bayani da Hausar da kowa zai gane, ita kuma ta maimaita wa matan makiyaya da Fulatanci. Ya ce ba hannun mutum a ciki, kuskure ne daga Dutsi ya biyo waya ya sauka. Sai mai gari, wanda ke sauraro yana taunar goro, ya yi tambayar da nake tsoro tun asuba: "To Malam, ku can ba wanda ka duba aikin wani kahin a aiko muna shi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Akwai, ranka shi daɗe. Amma wanga laihina na ni ɗaya." Ya tafi har inda Arzika yake, tsoho da tsoho, ya durƙusa ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Ni da ya kamata in durƙusa ina tsaye riƙe da igiyar caji. Sau biyu ke nan a yini ɗaya aka buɗe mini ƙofa na ƙi shiga.

Gyaran wucin gadi bai ɗau lokaci ba. Muka mayar da akwatin kan tsohuwar manhaja, muka ce a yi wa ɗakin rumfar zana a sama saboda zafi. Bututu ya yi tari, ya tofar da iska, ruwa ya zubo cikin kwami. Shanun sun ji ƙamshinsa tun kafin a kira su, sai ga ƙura ta taso. Arɗo ya tsaya yana kallo har suka kafa kai, sannan ya juyo wajen Baba ya ce, "Dama na sani. In ka ga aiki ya lalace haka, bincika, akwai Ba'are ciki." Aka kwashe da dariya, wani daga masu garka ya rama, gari ya dawo daidai. Mai gari ya miƙa wa Arzika mabuɗi. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa aljihu, bai yi dariyar da ake yi ba.

Ana shirin cin abinci, dambu da zogale aka kawo, sai na samu hujjar zamewa. Na bi ta cikin garake wai ina duba bututu. Sun sha ruwa har ya yi musu yawa, kabeji da tattasai da albasa kore shar. A tsakiyarsu sai ga wata garka ɗaya a bushe ƙurmus, ganyen albasa ya kwanta ya zama kara, tattasai ya zube. An toshe bututun da ke shiga cikinta da tsumma da itace. Ina tsaye ina kallo sai na ji takun mutum a bayana. Arzika ne.

Na tambaye shi ta wace ce, ko da yake na riga na sani. Ya ce tasa ce. "Randa anka hwara cewa ni ka satar ruwa, nit toshe nawa da hannuna. Nic ce bari ta mutu kowa shi gani, in ga mi za a ce kuma." Ya ɗan yi murmushi. "An dai ci gaba da cewa." Da wannan albasar yake sayen hatsin da zai kai gidansa damina, ya faɗa mini haka kawai, ba da sigar kuka ba, yana tuge wani busasshen tushe da ƙafa.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Sannu, Baba Arzika. Allah ya mayar da alheri."

Ya ce amin. Sannan ya dube ni da kyau ya ce, "Malamin ga surukinka na, ko? Tun da kunka sauka nig gane. Ba ka zamna gabanai ba, ba ka sha hura ba, ko ido ba ka haɗa da shi. Yaran yanzu ba su san wanga ba. Ni ma ina da ɗiya mace. Allah shi ba ni suruki mai kunya awa kai."

Ya shiga bukkarsa ya fito da ɗan ƙullin albasa, ƙanana kamar goro, waɗanda ya tsira da su, ya ce in kai wa iyali, baƙo ba ya komawa hannu sake. Na ƙi, ya rantse. Na karɓa.

Da la'asar sakaliya muka kamo hanya. Har Dumega jaririya na ta gwarancinta. Bayan mun wuce Tibiri, Baba ya gyara murya, idonsa na kan hanya, ya ce wa abokiyar aikinmu, "Ɗiyar Hillani, ki hwaɗa ma na bayanki, saƙon da yag goge ya shigo talhona kahin shi goge shi. Na karanta."

Sai a lokacin na tuna abin da kowane mai wannan aiki ya sani: da zarar ka tura bayani, kwafinsa ya tafi wayar mai gyaran, ko ka goge daga baya. Ashe tun asuba, tun kafin asuba, ya sani.

Ya ci gaba, har yanzu da ita yake magana. "Da nig ga ya goge kuma ya amince, sai nic ce wataƙila ya sake dubawa ya ga ba komi. Raina bai kwanta ba. Na so in kira shi in tambaya, sai nij ji nauyi. Mijin ɗiyata na. In ce mai mi? Don mi ka goge?"

Abokiyar aikinmu ta dube shi, ta waiwayo ta dube ni, ta tafa hannu. "Bon, to. Ku biyu, gari guda, unguwa guda, yau ga ku mota guda, sai ni za ku maida waya? Kai ka gani ka yi shiru, kai ka karanta ka yi shiru, garkar bawan Allah ta mutu. In na sake haihuwa sai ku kashe Arewa duka da ƙishirwa." Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba wasa take ba. Na ce, ina kallon bayan kujera, "Baba, na gani tun ranar. Tsoro da kunya suka hana ni. Ka yafe mini." Shi ne karo na farko da na yi masa doguwar magana kai tsaye tun ranar ɗaurin aure. Ya ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba." Daga nan muka hau kwalta a Kore Mai Ruwa. Mun shiga Dutsi ana kiran magariba, duwatsun sun yi duhu, masu tsire sun fara hura wuta.

Washegari muka rubuta wa sauran masu manhajar abin da ya faru, da sunana a inda ya dace. Na sha wahalar bayyana musu mene ne suruki a wurinmu. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya tambaya da zuciya ɗaya, me ya hana kawai in gaya masa? Aka dai yi sabuwar doka: gyara ba ya shiga da amincewar mutum ɗaya, kuma amincewar wanda ke jin nauyinka ba ta cikin lissafi, ko suruki ne ko ɗalibi ko yaron gida. Duk abin da ya shafi rabon ruwa kuma sai an kashe akwati an kunna an ga yadda zai yi. Baba ya rubuta gyaran na gaskiya, abokiyar aikinmu ta duba, ta samo masa wani ƙaramin kuskuren, ta yi masa tatas yadda ta saba. Mun kuma haɗa abin da za mu iya na hatsi mun aika ƙauyen, ko da yake buhu ba ya mayar wa mutum kwanakin da ya yi ana nuna shi da baki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Da ina ɗaukar kunyata ado ce, abin da ke nuna an yi mini tarbiyya, kuma ba ta cutar kowa. Har yanzu ban ce a daina jin nauyin manya ba, gobe ma ba zan ci abinci gaban Baba ba. Amma ranar da na goge bayanin nan ba mutuncinsa na kare ba, fuskata na kare, wani kuma can bayan Dumega ya biya. Iyayenmu da suka hana suruki gyara wa suruki ba su ce a bar magana ta mutu ba, aike suke yi. Ni ko aiken ban yi ba.

Albasar tana nan rataye a madafa, na hana a taɓa ta. Da maiɗakina ta gaji da tambaya na gaya mata komai, ta ce to me nake jira. Na nemi lambar Arzika wajen mai gari. Ya kamata in koma in faɗa masa ido da ido, na sani, amma waya na iya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ko an ci albasa. Sai na gaya masa duka: na ga kuskuren tun bai bar Dutsi ba, na yi shiru saboda surukina ne ya rubuta, kuma ranar taro ina zaune da amsar a bakina.

Ina jiyo kukan shanu can nesa a bayansa. Sannan ya ce, "To. Na jiya." Ya ƙara da cewa, "A gaida min surukin naka."

Bai sake yin addu'ar nan ta samun suruki irina ba.